Shayi da Zuma: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lafiyar Haɗa Su

Mutane da yawa suna zuba zuma a shayi maimakon sukari, wasu don ɗanɗano, wasu don magani. Sai kuma ga maganganu suna yawo cewa haɗin guba ne, ko kuma akasin haka, cewa yana warkar da kusan komai. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da aka tabbatar a kan kowace.

Shin akwai illa idan aka haɗa shayi da zuma?

Ga babba mai lafiya, da yaron da ya wuce shekara ɗaya, babu. Ganyen shayi, baƙi ne ko kore, daga tsiro ɗaya yake fitowa, Camellia sinensis, kuma babu wani sinadari a cikinsa da ke haɗuwa da zuma ya haifar da cuta. Ita kuma zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, galibi furuktos da gulukos, kusan kashi 17 ruwa, ragowar ɗan kaɗan kuma sinadaran da ke ba ta ƙamshi da launi. Idan ta shiga shayi narkewa kawai take yi.

Abin da ke damuna shi ne yawancin mutane suna tsoron abin da ba shi ne abin tsoro ba. Ana ta gargaɗi a kan guba da babu ita, an bar abubuwa uku da suke da haɗari na gaske: bai wa jariri zuma, kurɓar shayi yana tafarfasa, da yawan zaƙin da ake sha a rana ba tare da lissafi ba.

An ce ruwan zafi yana mayar da zuma guba. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, amma yana da kyau a san inda maganar ta samo tushe, don ba daga sama ta faɗo ba.

Tushe na farko tsohon ilimin magani ne na ƙasar Indiya da ake kira Ayurveda, wanda ya hana ɗumama zuma, yana ganin idan ta ji wuta tana zama abu mai danƙo da jiki ba ya iya narkarwa. Wannan fahimta ce ta zamanin da, kuma binciken zamani bai samu mutanen da suka cutu saboda sun sha zuma a ruwan zafi ba.

Tushe na biyu wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da HMF. Yana samuwa a duk lokacin da sukari, musamman furuktos, ya daɗe a cikin zafi. Zumar da aka tatsa yanzu kusan ba ta da shi, amma idan aka dafa ta ko ta daɗe a ajiye a wuri mai zafi, yana ƙaruwa. Shi ya sa hukumar Codex Alimentarius, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa iyaka: kada ya wuce miligiram 40 a kilo ɗaya na zuma, ko miligiram 80 idan zumar ta fito daga ƙasashe masu zafi. Wasu suka ga wannan doka suka ɗauka ma'aunin guba ce. Alhali ma'aunin inganci ce. An sa ta ne don a gane zumar da aka ƙona wajen sarrafawa ko wadda ta tsufa a rumbun ajiya, kada a sayar da ita da sunan sabuwa.

HMF ɗin nan yana cikin gahawa, da ɓawon burodi, da busassun 'ya'yan itatuwa, kuma abin da ke cikin gasasshiyar gahawa ya ninka iyakar da aka sa wa zuma sau da yawa. Sannan samuwarsa tana buƙatar lokaci. Ƙaramin cokali ɗaya na zuma da ya yi minti goma a kofin shayi ba zai tara wani abin a zo a gani ba.

To babu abin da zafi ke rage mata ke nan?

Akwai. Ƙudan zuma suna zuba wasu sinadarai masu aiki a cikin zuma lokacin da suke sarrafa ruwan fure, waɗanda masana ke kira inzayim. Ɗaya daga cikinsu shi ne ke samar da ɗan sinadarin da ke taimaka wa zuma wajen kashe ƙwayoyin cuta. Zafin cikin amya bai wuce kimanin digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma da zarar an haura wannan sosai sinadaran suna fara lalacewa, a hankali da farko, da sauri idan an kai digiri 60 zuwa sama. Ƙamshin fure ma yana tashi da tururi.

Sai dai kada a kambama asarar. Yawancin zumar kamfani an riga an ɗumama ta kafin a zuba a kwalba don kada ta yi saurin daskarewa. Kuma ko da ɗanya ce, waɗannan sinadaran idan suka isa ciki, ruwan narkar da abinci ne ke tarwatsa su. Wanda ya sayi zuma mai kyau yana son jin ƙamshinta, ya bar shayin ya huce har ya iya riƙe kofin da tafin hannu ba tare da ya saki ba, sannan ya zuba. Dalilin ɗanɗano ne, ba na tsoro ba.

Zafin shayin kansa fa?

Nan ne ya kamata a tsaya. A shekarar 2016, hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai hedikwata a birnin Lyon na Faransa, ta sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Ba ganyen shayin aka zarga ba, zafin aka zarga. Daga cikin hujjojin akwai binciken da aka yi a lardin Golestan na arewacin Iran, inda ake shan shayi da zafi ƙwarai kuma wannan kansa ta yi yawa. Ƙunar da ake yi wa fatar maƙoshi kullum, shekara da shekaru, ita ce matsalar.

Zuma ba ta kare mutum daga wannan. Abin da ke karewa shi ne jira na minti huɗu ko biyar bayan an zuba. Jiran nan ɗaya ya biya buƙata biyu: maƙoshi ya tsira, zuma ta riƙe ƙamshinta.

Zan iya ɗiga wa jaririna ɗan shayi da zuma idan yana tari?

A'a. Kada a ba yaron da bai cika wata 12 ba zuma ta kowace hanya: ba a shayi ba, ba a ruwan ɗumi ba, ba a kan yatsa ba, ba a shafa a dasashi ba. Wannan ita ce amsar da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran.

Zuma tana iya ɗauke da ƙwayayen wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, waɗanda ke cikin ƙasa da ƙura, ƙudan zuma kuma su kwaso su. Babba ya haɗiye su babu abin da zai same shi, don hanjinsa cike yake da ƙananan halittu masu amfani da ba sa barin baƙo ya zauna. Hanjin jariri bai kai nan ba. Ƙwayayen sai su tsiro a ciki su fitar da dafin da ke kashe ƙarfin jijiyoyi. Cutar ana kiranta botulizim na jarirai, kuma an fara gane ta ne a 1976 a jihar Kalifoniya ta Amurka.

Alamar farko yawanci rashin yin kashi ne na kwanaki. Daga nan sai kukan yaro ya yi rauni, ya kasa kama nono da ƙarfi, fatar idonsa ta sauko, wuyansa ya kasa riƙe kai, jikinsa ya saki. Idan abin ya kai ga jijiyoyin numfashi rai na cikin haɗari. Uwar da ta ga haka, ko an ba yaron zuma ko ba a ba shi ba, ta garzaya asibiti a ranar.

Wasu na cewa ai ruwan shayin ya tafasa, ya kashe komai. Bai kashe ba. Waɗannan ƙwayaye suna jure tafasa ta digiri 100, sai an kai su kusan digiri 121 a tukunyar matsi irin ta masana'antar gwangwani. Tsadar zuma ko tsabtarta ma ba ta canja hukuncin. Ba kowace zuma ce ke ɗauke da su ba, gaskiya ne, amma babu mai iya ganewa da ido, kuma babu wani amfani da jariri zai samu da ya kai a yi caca da numfashinsa. Shayin ma kansa ba na jariri ba ne: yana da kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, yana cika ɗan cikin da ya kamata nono ya cika.

Mai ciki da mai shayarwa fa?

Su za su iya shan zuma. Hanjinsu na manya ne, kuma ƙwayayen ba sa bi ta mahaifa ko ta nono. Abin lura a wurinsu shi ne kafeyin ɗin shayi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 mai ciki kada ta wuce miligiram 200 a rana, sauran manya kuma 400. Kofin baƙin shayi yana da kimanin miligiram 40 zuwa 50, koren shayi ƙasa da haka, kuma yawan yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar ganye a ruwa. Kofi biyu ko uku bai kai iyaka ba, muddin an lissafa da gahawa da lemon kwalba mai kafeyin. Wadda aka ce mata tana da ciwon suga na lokacin juna biyu ta ɗauki zuma daidai da sukari.

Ai dai zuma ta fi sukari lafiya, ko?

Ta fi shi, amma da ɗan kaɗan, kuma ba ta inda mutane ke zato ba. Ƙaramin cokali na zuma yana da nauyin kusan giram 7 da kalori 21. Na sukari giram 4 ne da kalori 16. Wato cokali da cokali, zuma ce ta fi nauyi. Inda take da rinjaye shi ne ta fi zaƙi a baki saboda furuktos, don haka mutum zai iya zuba ƙasa da abin da ya saba ya kuma gamsu. Tana da ɗan sinadaran kare jiki, musamman mai duhun launi, da ɓurɓushin ma'adinai. Amma ɓurɓushi ne. Kafin mutum ya samu wani abin kirki na ma'adinai daga zuma, ya riga ya sha sukarin da ya fi ƙarfin jikinsa. Sinadaran kare jikin da ke cikin kofin, mafi yawansu daga ganyen shayin suke.

Nawa ya kamata a sha a rana?

A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, kuma ya fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5. Ga babba mai matsakaicin ci, wannan kimanin giram 50 ke nan, ko 25 ga mai son bin mafi kyau. Hukumar ta ambaci zuma da sunanta a cikin wannan lissafi.

A gwada: ƙaramin cokalin zuma yana da sukari kusan giram 6. Mai shan kofi uku a rana, kowanne da cokali biyu, ya sha kusan giram 35 daga shayi kaɗai, bai taɓa komai ba tukuna. Zuma da zaƙi da harbi, in ji masu iya magana, kuma harbin nan a hankali yake zuwa. A ganina cokali ɗaya a kofi ya wadatar, kuma harshe yana sabawa da ragin cikin 'yan makonni.

Mai ciwon suga zai iya maye gurbin sukari da zuma?

Kada ya ɗauka ya samu mafita. Zuma tana ɗaga sukarin jini. A matsakaici tana ɗagawa a hankali kaɗan fiye da farin sukari, amma bambancin ƙarami ne kuma yana canjawa daga wata zuma zuwa wata. Na sha jin ana cewa zuma ta asali ba ta taɓa mai suga, kuma wannan magana tana cutar da mutane, don tana sa su sha da yawa hankali kwance. Wanda sukarinsa ke daidai kuma yana son ɗan kaɗan, ya tattauna da likitansa, ya sa ta cikin lissafin abincin ranar, ya auna jininsa awa biyu bayan ya sha ya ga yadda nasa jikin ya karɓa.

Shin da gaske tana maganin tari da ciwon maƙogwaro?

A nan zuma tana da hujja mai kyau. A 2007 likitoci a jami'ar jihar Pennsylvania ta Amurka sun gwada ta a kan yara 105 masu tarin mura, iyayen kuma suka ba da rahoton cewa waɗanda aka ba zuma kafin barci sun fi samun sauƙin tari da barci fiye da waɗanda ba a ba komai ba. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara bincike tana tace shi, ta duba gwaje-gwajen da aka yi a 2018 ta ce mai yiwuwa zuma ta fi rashin magani, kuma tana kusa da wani sanannen sinadarin maganin tari na kanti. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ta sa zuma cikin abin da za a fara gwadawa ga tarin mura, ga wanda ya wuce shekara ɗaya, kafin a yi maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Yadda take aiki ba wani sirri ba ne. Kaurinta yana lulluɓe maƙogwaron da ya yi kaushi, zaƙinta yana sa yawu ya zubo, ƙaiƙayin da ke tayar da tari ya lafa. Ruwan ɗumi kuma yana sassauta majina. Saboda haka wanda tari ya hana barci zai fi amfana idan ya lashi rabin cokalin kai tsaye ya zuba rabin a kofi, maimakon ya narkar da duka a ruwa mai yawa. Ga yara, rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya ya isa, kuma gara a ba su a ruwan ɗumi zalla, ba a shayi mai kafeyin ba.

Sauƙi take kawowa, ba ta kashe ƙwayar mura, ba ta kuma warkar da ciwon huhu, asma ko tarin fuka. Tarin da ya wuce mako biyu zuwa uku, ko ya zo da jini, zufar dare, ramewa, zazzaɓi mai zafi ko sarƙewar numfashi, na asibiti ne.

Koren shayi da zuma da safe yana rage ƙiba?

Babu abin da ke cikin zuma da ke narkar da kitse. Koren shayi tasirinsa a kan nauyi ƙarami ne ƙwarai, zumar kuma kalori take ƙara masa. Idan wani ya rame bayan ya fara sha, a duba abin da ya daina sha a madadinsa.

Ina da ƙarancin jini. Zuma za ta gyara illar shayi?

Ba za ta gyara ba. Shayi yana da sinadarin tanin, mai sa baki ya yi bauri, wanda ke kama sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi, wake da ganyaye ya hana hanji tsotsarsa. Zuma ba ta kwance wannan kamun, kuma ƙarfen da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Mafita ita ce tazara: a bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma kada a haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shayi. Bitamin C, kamar na lemon tsami, yana taimaka wa jiki tsotsar ƙarfe, amma tazarar ce ginshiƙi. Wannan ya fi shafar mata masu haila mai yawa, masu ciki, da yara masu tasowa.

A sha da dare?

Kafeyin yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, zuma kuma ba ta rage shi. Mai wahalar barci ya koma ga abin sha na ganyen da ba shi da kafeyin. Kuma a goge haƙori bayan an sha, ba kafin ba, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori suna cin sukarin zuma kamar kowane sukari, yawu kuma yana raguwa a lokacin barci. Kurɓar kofi ɗaya a hankali na tsawon awa biyu ta fi ɓata haƙori fiye da shanye shi a zama ɗaya.

Akwai wanda zuma ba ta karɓe shi ba ko da babba ne?

Akwai, ko da yake ba su da yawa. Wasu hanjinsu ba ya tsotsar furuktos da kyau, sai zuma ta sa musu kumburin ciki, iska ko gudawa. Wasu jikinsu yana bore ga ƙurar fure ko ga sinadaran ƙudan zuma da ke cikin ɗanyar zuma. Ƙaiƙayin baki da ƙuraje alama ce ta a daina, kumburin leɓe ko harshe da wahalar numfashi kuma na gaggawa ne. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki zai iya ganin shayi mai kauri a kan yunwa yana tayar masa da ciwo, kuma zuma ba lallai ta hana ba.

Akwai kuma wata zuma ta daban da ake samu a gabar Baƙin Teku ta Turkiyya da tsaunukan Nepal, wadda ƙudan zuma ke yi daga furen rododendiron. Tana da dafi na halitta mai saukar da bugun zuciya da hawan jini, ya sa jiri da amai. Marubucin Girka Xenophon ya ba da labarin sojojin da suka ci ta suka zube wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana tallata ta a intanet da sunan ƙarin kuzari. Dafinta daga fure yake, ba daga zafin shayi ba, kuma ba abin gwaji ba ce, balle ga mai ciwon zuciya.

Cokalin ƙarfe yana lalata zuma?

A'a. Cokalin da ba ya tsatsa babu abin da zai yi mata a 'yan daƙiƙun da ake juyawa.

Zumata ta daskare ta yi tsaki-tsaki. Jabu ce?

Daskarewa ɗabi'ar zuma ce, musamman mai yawan gulukos, kuma sanyi yana hanzarta ta. A zuba ta a shayi haka nan za ta narke, ko a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Jabu dai akwai shi, kuma ba kaɗan ba: a rahoton da Tarayyar Turai ta fitar a 2023, cikin samfur 320 na zumar da aka shigo da ita, kashi 46 cikin 100 an yi zargin an gauraya su da ruwan sukari. Gwaje-gwajen gida da ake yaɗawa, na ashana, na ɗigawa a ruwa, na jiran tururuwa, ba sa rarrabewa, don kaurin zuma ya danganta da furen da ruwan da ke cikinta, masu gaurayawa kuma sun iya kwaikwayon kauri. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya karanta jikin kwalba ya ga ko an rubuta wani abu ban da zuma, ya yi shakkar wadda araharta ta yi yawa, ya kuma nemi mai kiwon da ya sani ko kamfanin da hukumar abinci ta ƙasarsa ta yi wa rajista.